Gwangwanin Shinkafa a Ƙofar Hajiya Jawa

A unguwar Aston ta birnin Birmingham, in ka cire mai kawo wasiƙa, babu wanda ya san sunanta Ponirah. Hausawan unguwar suna ce mata Hajiya Jawa, sunan da ya biyo ta tun daga Jidda, inda duk mutumin Indonesiya ɗan Jawa ne ko da bai taɓa taka tsibirin ba. Ita dai an dace, 'yar Jawa ce ta gaske. Gajeriyar tsohuwa ce, ba ta da jiki, ga Hausa a bakinta irin ta Zangon Kumasi. Wanda bai taɓa jin ta ba, in ta yi magana sai ya waiwaya yana neman mai maganar.

A wani ƙauyen manoma aka haife ta, a gindin dutse, inda gonakin shinkafa suke hawa-hawa kamar matakalar bene. Ƙofofin garin na gora ne, kwaɗo kuwa sai a gidan dagaci. Duk da haka mutum yakan yi barcinsa har da minshari, saboda wata al'ada da suke kira jimpitan. Kowane gida yana da ɗan gwangwani a kafe jikin ƙofa. Da magariba uwar gida za ta zuba shinkafa a ciki, iyakar abin da yatsu uku za su ɗauka. Mazan garin, waɗanda suke karɓa-karɓar gadi, su bi gida-gida suna juyewa a jaka. Shinkafar ta taimakon gari ce, a dafa a gidan rasuwa ko a kai wa gajiyayye. Amma babban amfaninta shi ne wannan: in suka tarar da gwangwani babu komai, ba sa wucewa. Sai sun buga ƙofa sun ji muryar mutum. Ta haka aka gano kakarta ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita.

Talauci ya fitar da Ponirah. Mijinta na fari ya rasu ba su haihu ba, gonar da ta gada daga mahaifinta kuwa ba ta fi tsakar gida biyu ba. Ta bar wa ƙaninta ita ya riƙa nomawa, ta tafi aikatau Jidda da niyyar shekara biyu. A gidan da take aiki ta haɗu da Braimah, direba, mutumin Kumasi, wanda matarsa ta rasu ta bar masa yarinya mai suna Sherifatu. Shi ba ya jin yarenta, ita ba ta jin nasa, da guntun Larabcin kicin suka shirya kansu. Aka ɗaura aure. Ita ta raini Sherifatu, ta bi su har Ingila, suka zauna a unguwar Moss Side ta Manchester, daga baya aikin wankin bas ya kawo Braimah Birmingham. Shekara biyun nan ta zama talatin da wani abu.

Ranar da ta karɓi fasfon Ingila har shinkafa da kaza ta dafa wa maƙwabta. Babu wanda ya gaya mata cewa ƙasarsu ba ta yarda mutum ya riƙe biyu ba, kuma baƙo ba ya mallakar gona a can. Sai bayan rasuwar Braimah, da ta yi wa ɗan ƙaninta waya ta ce tana son komawa gida, ya yi mata bayani cikin ladabi irin nasu, yana ta ba ta haƙuri. An daɗe da mayar da gonar sunansa don kada ta salwanta, har ya yi gini a rabinta. Ba ta yi faɗa ba. Tsohuwar takardar gonar tana nan a gwangwanin biskit, takan ɗauko ta duba. Amma daga ranar ta san ba ta da wurin komawa, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Council, wato hukumar gari, ta ba ta ɗaki da falo a hawa na tara. Da farko babu laifi, don akwai Margaret, wata Baturiya mai kula da tsofaffin benen, wadda kullum da safe sai ta ƙwanƙwasa ta ce, "You all right, love?" Hajiya ba ta damu da kalmomin ba, bugun ƙofar take jira. Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, aka sallami Margaret. A madadinta aka rataya wa kowane tsoho maɓalli mai igiya a wuya, aka ce in ya faɗi ya danna. Wata ma'aikaciya kuma da take zuwa duba ta kullum, aka mayar da ita Litinin da Alhamis, minti goma sha biyar. Lif kuwa in ya yi aiki sati ɗaya sai ya huta biyu, ga gwiwoyi sun ƙi. Takan yi wata ba ta taka ƙasa ba.

Sherifatu, wadda yanzu nas ce a Manchester, ta yi ta roƙonta. "Mma, ki dawo Moss Side mana. Kullum hankalina yana kanki, I can't sleep."

"Ɗaki biyu, yara huɗu, ki sa ni ina?" in ji Hajiya. "Ina nan lafiya. Ki dai riƙa kira ranar Asabar."

Ba lafiya take ba. Tsoro ɗaya ne ya hana ta sakat: ta faɗi a bayan ƙofar nan, mutane suna wucewa, babu wanda ya sani. Satin da Margaret ta tafi, Hajiya ta wanke gwangwanin tumatir, ta ɗaure shi da waya a hannun ƙofarta ta waje, ta zuba shinkafa yatsu uku. Ta san sarai babu masu gadi a Aston. Amma a ranta tana ganin duk mai ido, in ya saba ganin shinkafa kullum, ranar da bai gani ba zai tambaya. Bayan la'asar takan juye ta jiya a bakin taga don tattabaru, da magariba ta zuba sabuwa. Ba ta yi wa kowa bayani ba. A garinsu wannan ba abin bayani ba ne, kuma babba ba ya buɗe baki ya ce a riƙa duba shi.

Ƙofar da ke kallon tata ta Kulsum ce, Maman Osmanu, ita ma mutuniyar Kumasi, mai shara a jami'a. Kullum bayan asuba takan fito ta kama bas. Kulsum ba muguwa ba ce, kowa ya san ta da kyauta. Amma a ce 'yar Zango ta ga shinkafa ɗanya a gwangwani, a ɗaure a ƙofar tsohuwa baƙuwa mai zaman kaɗaici, kullum ana sabuntawa da magariba! Ai ba sai an gaya mata ba. Tun ranar farko ta yi a'uzu billahi, ta tofa addu'a hagu da dama. Daga nan tuwon da take aikowa ranar Juma'a ya tsaya. Gaisuwa ta koma daga nesa, "Hajiya ina kwana," ƙafa tana tafiya. Ita ma ba ta tambaya ba, don a nata garin ba a tambayar mutum asirinsa. Hajiya ta ga canjin, ta ɗauka gajiyar aiki ce. Haka suka yi shekara uku, taku huɗu tsakaninsu.

Wata Alhamis cikin hunturu, mai duba ta ta zo da safe ta tafi. Da la'asar Hajiya ta juye wa tattabaru shinkafa, ta mayar da gwangwanin. Da magariba ta gabato ta shiga alwala, ta cire maɓallin ta rataye a ƙugiyar bayan ƙofa kamar yadda ta saba, don ba ta son igiyar ta jiƙe. Tana fitowa falo ta ji ƙasa ta karkace. Ta faɗi ta gefen dama, hannu da ƙafa suka ƙi ta. Ta buɗe baki za ta yi kira, harshen ya yi nauyi, sai wani ɗan gurnani da ita kanta da ƙyar take ji.

Ta ja jiki da hannun hagu har kusa da ƙofar fita, ƙarfinta ya ƙare a nan. Maɓallin yana can sama a banɗaki. Ta bubbuga ƙasa da tafin hannu, kafet ya shanye ƙarar. Abin mamaki, hankalinta bai tashi sosai ba. Gwangwanin babu komai. Saboda wannan ranar ta ɗaura shi, kuma Maman Osmanu za ta fito da safe.

Gari ya waye. Ta ji ƙofar Kulsum ta buɗe, ta ji makulli, ta ji takun takalmi. Takun ya zo daidai ƙofarta ya tsaya. Sai ta ji muryar Kulsum, ƙasa-ƙasa, tana magana da kanta.

"Alhamdu lillahi. Yau dai ba ta ajiye ba. Allah ya sa ta tuba ke nan."

Takun ya wuce, ya bi matakala.

A kwance a wurin Hajiya ta gane komai, tuwon da ya tsaya, da gaisuwar nesa. Abin da ta ɗaura don a zo, shi ya kori mutane shekara uku. Ta yi kuka, hawayen yana gangarowa cikin kunnenta, babu ƙarfin sharewa. Wuni ya wuce, ƙishirwa ta bushe mata maƙogwaro. Ta yi salloli da ido. Ranar Asabar takun ya sake tsayawa, ta sake jin hamdala.

Da hantsi waya ta yi ta ƙara a falo har sau shida. Sherifatu ce, kuma da ta ji shiru ta kira motar asibiti tun daga Manchester. Sai da aka ɓalle ƙofar.

Sati biyar ta yi a asibiti kafin maganar ta dawo, a karkace amma ana ganewa. Kulsum ta zo dubiya da kwanon kunu, ta zauna a bakin kujera. Bayan gaisuwa ta yi ta murza gefen mayafi.

"Hajiya, ki yi haƙuri, zan yi tambaya. Shinkafar nan ta mece ce?"

Hajiya ta gaya mata a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi: ƙofofin gora, masu gadi, jaka, da kakarta. "In babu komai a ciki, sai a buga ƙofa," in ji ta. "Shi ke nan."

Kulsum ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Hajiya, kwana biyu ina wucewa. Na gani babu komai, wallahi na gani, har na ce..."

"Na ji ki," in ji Hajiya.

Kulsum ta kifa kai a gefen gadon tana kuka kamar yarinya, har nas ta leƙo. Hajiya ta ɗora hannun hagu a kanta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, a garinsu hannun ya isa.

Aka sa sunanta a layin masu jiran gidan ƙasa, aka ce layin yana da tsawo. Don haka hawa na tara aka mayar da ita, majiya ƙarfi biyu suka ɗauke ta a kujera saboda lif yana hutu. Yanzu ko matakala ɗaya ba ta iya sauka. Duniyarta ta koma ɗaki, falo, da tagar tattabaru. Daga kujerarta zuwa ƙofa, da ƙarfen dogarawa, minti goma take yi. Duk da haka magaribar farko ta tashi, ta ɗebi shinkafa da yatsun hagu, rabi ya zube a hanya, ta zuba sauran a gwangwanin.

Da asuba tana zaune a kan kujera da carbi. Ƙofar Kulsum ta buɗe. Takun ya zo ya tsaya. Hajiya ta ji wayar gwangwanin ta motsa, ta ji 'yan ƙwayoyi suna zuba a tafin hannu.

"Hajiya, na ɗauka," in ji Kulsum ta bayan ƙofa. "Amma ki yi magana in ji muryarki. Ko bas zai wuce, ba zan tafi ba."