Inshorar Karen Mama

Shekarun baya, a nan ƙasar Turawa, lokacin da muka bar gidan haya na titin Gate City Boulevard a garin Greensboro muka koma unguwar Pleasant Garden, Allah ya haɗa mu da wata maƙwabciya, tsohuwar Baturiya. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana can wata jiha mai nisa, ita kaɗai ce a gidan sai wani ƙaton kare ja mai faɗin kai. Mama muke ce mata. Matar nan ta yi mana halacci. Ranar da naƙuda ta kama matata ina wurin aiki, ita ta saka ta a mota ta kai ta asibiti, ta zauna a bakin ɗaki har na iso. Tumatirin lambunta kuwa mun ci har mun gaji.

Karen ne dai ban taɓa shiri da shi ba. Ni mutumin Funtuwa ne. A unguwarmu kare na mafarauta ne ko na masu gadi, in ya tunkaro ka sai ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, ya kama gabansa. Wannan kuwa in na sunkuya, da gudu yake tahowa yana kaɗa jela, a zatonsa wasa za mu yi.

Wata rana Mama ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Ɗanta ya zo ya samar mata wuri a gidan kula da tsofaffi da ke wajen Sedgefield. Ba a zama da kare a can, sai dai a kawo shi ziyara. Ɗan ya ce zai miƙa shi gidan ajiye dabbobi, kuma da bakinsa ya gaya mini cewa kare mai shekara takwas da wuya wani ya ɗauke shi, galibi allura ake yi musu su mutu.

Da muka je duba ta, sai ta kama hannuna ta riƙe gam. Da Turanci ta ce, “Ɗana, ka riƙe mini karen. Ka riƙa kawo mini shi ranar Lahadi in gan shi.”

Na juya na kalli matata, ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. To, tsohuwa ce a kan gadon asibiti take roƙona, yaya zan yi? Bakina ya riga kaina, na ce, “Ba komai, Mama.”

“Sannan ka yi masa inshorar lafiya,” in ji ta. “Mijina ne yake biya, da ya rasu na manta, ta mutu. Karen ya fara tsufa. Ka yi mini alkawari.”

Nan ma na ce ba komai. Sai da muka shiga mota na tambayi matata, “Wai inshorar me ta ce?”

“Ta kare, Abban yara. Kai ka ce ba komai.”

Muka gyara masa gefe guda a gareji, da sharaɗin matata cewa ƙafarsa ba za ta taka cikin gida ba. Yana da suna, amma ni “kai” nake ce masa, kuma yana amsawa.

Ranar Asabar da hantsi na buɗe kwamfuta na ce bari in sallami maganar nan kafin azahar. Wallahi la'asar ta same ni ina wurin. Fom ya tambaye ni ranar haihuwar kare. Ni da tawa ma ɗaya ga Janairu ce a fasfo, sai na ba shi irinta. Aka ce wane jinsi ne, aka jero mini sunaye har na gaji da gangarawa, ina neman inda aka rubuta “ja” ban samu ba. Da ƙyar na tsallake, sai ga tsari iri-iri. Akwai na haɗari kaɗai, akwai na haɗari da rashin lafiya, akwai wani har da wanke haƙora. Na karanta wannan sau biyu, na kira matata ta zo ta gani da idonta.

Da abin ya fi ƙarfina na buga wa kamfanin inshorar waya. Wata mata mai haƙuri ta ɗauka, ta yi ta yi mini bayanin wani abu wai didoktabul, wato kuɗin da zan fara biya da aljihuna kafin su sa hannu. In na zaɓi ƙarami, na wata-wata ya hau. In na zaɓi babba, ya sauka.

Na ce, “To wanne ne mai sauƙin?”

Ta ce, “Ya danganta.”

Duk abin da na tambaya, ya danganta. Na ce mata nawa ne gaskiyarsa, a rage mini wani abu tunda tsohon kare ne. Ta yi dariya ta ce ai tsufan ne ya sa ya yi tsada. Na ajiye waya kaina ya fi na da ɗaurewa.

Wa zan tambaya? A cikin mutanenmu na Greensboro akwai likitoci, akwai malaman jami'a, akwai direbobin manyan motoci, amma ban san mutum ɗaya mai kare ba. Bayan Juma'a na ja wani abokina gefe a wurin ajiye motoci, na ce wani ɗan wurin aikinmu ne yake neman shawara a kan inshorar kare. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya miƙa hannu ya ciro wani jan gashi daga kafaɗar babbar rigata, ya ɗaga shi.

“Alhaji, ɗan wurin aikin naku a rigarka yake kwana?”

Ya yi dariya har da dafa mota. Ban samu shawara ba, amma kafin in kai gida mutum uku sun kira ni suna gaishe ni da mai jiki.

Malaminmu shi bai yi dariya ba. Ya saurare ni tsaf, ya ce amana amana ce ko ta akuya ce, kuma ciyar da dabba da kula da ita akwai lada. Da na kawo maganar inshora, ya shafa gemu ya ce ta mutane ma malamai sun yi saɓani, ta kare kuwa tunda yake ba a taɓa tambayarsa ba, in ba shi mako guda ya duba.

Ban jira makon ba. Na zauna na yi tunani irin nawa, wanda a ranar na ɗauka hikima ce. Na ce tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin kare yana jinya ba. Karnukan garinmu a bola suke ci, a kwata suke sha, ruwa ya dake su, rana ta gasa su, kuma garau suke. In ka ga gawar kare, to mota ce ta take shi. Ashe ke nan abin tsoro ga kare haɗari ne, sauran duk dabarar cin kuɗi ce. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba: kuɗin babban tsarin a wata ya kusa abin da nake tura wa mahaifiyata na maganin hawan jini. Kunya ta kama ni. Na ga in na biya, kamar na jera ta da kare a layi ɗaya ne.

Na sake kiran matar na ce na haɗari kaɗai nake so. Ta ce, “Ka tabbata? Shekararsa takwas fa.” Na ce na tabbata. Ta sake tambaya, na ce mata, cikin isa, na san karnuka.

Ranar Lahadi na kai wa Mama takardar. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ta shafa ta kawai ta ce, “Ta haɗa komai?”

Na ce, “Komai, Mama.” A raina ban ɗauka ƙarya nake yi ba.

Wata bakwai muna lafiya. Da zafi ya shigo, sai karen ya fara shan ruwa kamar raƙumi. In cika bokiti da safe, kafin in dawo aiki ya ƙafe. Gareji ya ɗauki zarni. Yana ci sosai amma haƙarƙarinsa na fitowa. Na ce zafi ne. Matata ce ta ce, “Abban yara, zafin nan mu ma muna jin sa, ba mu rame ba. Ka kai shi a duba.”

Likitar dabbobi ta ɗebi jini da fitsari, ta dawo ta ce ciwon suga ne.

Na ce, “Suga? Kare? Ai ko shayi ba ya sha.”

Ta ce karnuka suna yi, kuma ba ya warkewa. Sai allurar insulin safe da yamma har ƙarshen ransa, da abinci na musamman, da gwaji lokaci-lokaci. Ban ma tsorata ba. Na zaro takardata na ɗora a kan tebur kamar mai nuna biza. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni da tausayi.

“Wannan ta haɗari ce kaɗai. Da mota ce ta buge shi, ko ya haɗiye wani abu, da sun biya.”

Daga wurin ajiye motoci na kira kamfanin na ce a mayar da ni babban tsari yanzu-yanzu. Suka ce za a iya, amma ban da sugan, domin ya riga ya kamu kafin in canza. Na ce to a wani kamfanin fa? Suka ce ko'ina haka ne.

“Wato mai lafiya kuke yi wa inshorar lafiya?”

Aka ce, “E, haka ne.”

Na koma ciki. Likitar ta ce ba za ta ɓoye mini ba, wasu in ba za su iya ɗawainiyar ba, sukan zaɓi a yi wa karen allura ya huta, kuma ba za ta ga laifina ba. Ta yi masa allurar insulin ta ranar, ta ce in kawo shi gobe a yi masa wata, in yanke shawara zuwa Litinin. Ta nuna mini yadda ake yi, ta ba ni sirinji ɗaya in tafi in gwada. Ni da ko a jikina za a yi allura sai na kau da kai.

Lahadin nan na daɗe a mota a ƙofar gidan tsofaffin. Na shirya ƙarya kala uku, duk ba su zauna ba. Da muka shiga, karen ya je ya ɗora kansa a cinyarta, ta shafa bayansa sau ɗaya hannunta ya tsaya a kan ƙasusuwan.

“Me ya same shi?”

Na gaya mata. Na gaya mata har da takardar, cewa ba ta haɗa komai ba, an tambaye ni sau biyu, ni na zaɓi ƙaramar. Ta ci gaba da shafa karen, ba ta dube ni ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Can ta ce, “Ka zo ne in ba ka izini a kashe shi?”

Na ce, “A'a, Mama. Ban san me na zo yi ba. Tsoron allura nake yi, kuma shi ma har yanzu tsoronsa nake ji.”

Ta danna ƙararrawa, nas ta zo, ta ce a kawo mata lemo ɗaya. Ashe mijinta da suga ya rayu, ita ta yi masa allura shekara da shekaru. Tana kan keken guragu ta sa ni na yi ta soka wa lemon nan ruwa da sirinjin, tana buge mini hannu in na karkata. Daga nan ta kama hannuna ta ɗora a bayan wuyan karen, ta ce in tattaro fatar in ɗaga. Ranar na fara taɓa shi da tafin hannuna.

Na yi masa allurar nan kusan shekara biyu, ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe bakwai na yamma, daga aljihuna. Na bar walima ana tsakiyar rabon abinci, na bar taron ƙungiya, kowa ya san inda za ni, har aka gaji da tsokanata. Matata ta ware masa gefe a firij ta rufe kwalbar maganin da roba biyu. Daga baya idanunsa suka yi fari ya makance, sai in riƙa tafiya a gabansa ina tafa hannu yana bina.

In na tuna yanzu, ba tsadar ce take damuna ba. Abin da yake damuna shi ne na zauna a Pleasant Garden na yi wa karnukan Funtuwa inshora, na bar wanda yake kwance a garejina. Kuma na karnukan Funtuwan ma, sai daga baya na gane suna ciwo, mu ne ba ma dubawa. Har yau ban iya bayanin didoktabul ba, amma duk wanda ya tambaye ni shawara a kan abin da ban sani ba, ina ce masa ban sani ba.

A watanninta na ƙarshe Mama ta daina gane mutane, har ɗanta. Lahadin ƙarshe da na kai shi, na sake igiyar a bakin ƙofa, makahon kare ya bi hanci ya ratsa kujeru har ya same ta. Ta kira sunansa tiryan-tiryan. Ta shafa wuyansa, ta bi haƙarƙarinsa da yatsu, ta daɗe tana lalubawa. Sannan ta ɗago ta gan ni a tsaye, ta tambayi nas ɗin, “Wane ne wannan mutumin?”

Nas ɗin sabuwa ce, ta ce ba ta sani ba.

Mama ta sake dubana ta ce, “Ko ma wane ne, yana kula da shi sosai.”

Ban gaya mata ko ni wane ne ba. Na ce na gode, na fita baranda na zauna na yi kukana.