Baƙon da ya yafa bargo a zafin Riyad

Shekarun baya, ina sabon direba a wani kamfanin aikin ruwa a Riyad, iƙamata, wato takardar izinin zama, saura kwanaki ta ƙare. Wata safiya mudir ɗinmu, wato manaja, mutum mai zafin rai, ya kira ni ya ce, "Akwai babban injiniya daga Lesotho a otal. Ƙarfe goma ya kasance a wurin taro. In ya makara, ka manta da sabunta iƙama. Yalla!"

Ni ko sunan ƙasar ban taɓa ji ba.

Na isa otal, gari ya yi zafi kamar bakin murhu. Sai ga dattijo ya fito cikin kwat, a sama kuma ya yafa bargo mai kauri. Gabana ya faɗi. A garinmu in ka ga babba cikin bargo da rana, ba sai an faɗa maka ba, zazzaɓin sauro ne ya kama shi.

Ban tambaye shi komai ba, wai ni mai hankali. Na kashe esin motar, na rufe gilasai ruf. Ta madubi na hango gumi na tsiyaya daga goshinsa, na ce a raina alhamdulillahi, zazzaɓin ya fara sauka. Amma tsoro bai sake ni ba. Na ce iƙama in za ta tafi ta tafi, bawan Allah ba zai faɗi a hannuna ba. Na karkata sai wani asibiti a unguwar Al-Badi'a.

"Ɗana, nan ne wurin taron?" ya tambaye ni da Turanci.

"Yallaɓai, asibiti ne. A fara yi maka allura tukuna."

Da ya gane abin da nake nufi, ya yi dariya har da hawaye. A hanya, esi a kunne, ya ba ni labari. Ƙasarsu duk tsaunuka ce, Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina, ba su da teku. Ƙanƙara na sauka, ruwa kuwa har maƙwabtan suke sayar wa. Bargon nan shi ne babbar rigarsu, sarkinsu ma shi yake yafawa ranar biki. Wato kwalliya mutumin ya ci, ni kuma na gasa shi.

Muka isa a makare. Mudir na tsaye bakin ƙofa, ido jawur. Kafin ya buɗe baki dattijon ya kama hannuna ya ce, "Na yi yawo ƙasashe da yawa, ban taɓa samun direban da ya damu da raina haka ba. Shi zai riƙa tuƙa ni har in koma." Mudir ya haɗiye faɗansa, har da murmushin dole.

Tun ranar na koyi yin tambaya kafin in yanke wa mutum ciwo. Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai, raina fes. A makon aka sabunta min iƙama, kuma da aikin nan na kawo mahaifiyata ta ga Ka'aba da idonta.