Ranar da Muka Kai Helma Ya Ga Sabon Dogo

Ni haifaffen Ƙofar Ƙaura ne, amma a Funtuwa ƙarfina ya ƙare. A zamaninmu jirgin ƙasa bai shigo birnin Katsina ba. Mai son aikin reluwe sai ya bi shi inda yake. Na bi shi ina saurayi, na zama leburan layin dogo.

Na tarar da ƙarshen jirgin kwal. Baƙi ne wuluk, ga shan ruwa, in ya wuce sai ka kakkaɓe toka daga wuyan riga. Daga baya aka kawo na dizal. Masu zuba kwal suka rasa abin yi, famfon da ake ba jirgi ruwa a tasha ya yi tsatsa. Mu dai ba abin da ya sauya mana. Ko wane iri ne kan jirgin, a bisa ƙarfe yake tafiya, ƙarfen kuwa mu ke ɗauka.

Dogo guda ba ya ɗaukuwa sai da taro. A jeru hagu da dama, a kama shi da manyan awartakai. Ba mai ɗagawa sai helma, shugaban leburori, ya ba da murya. Wanda ya riga, bayanshi ya tafi. Wanda ya makara, ƙafar na kusa da shi ta tafi. Na ga duka biyun.

Helmanmu mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista. Ba ya zagi, ba ya wasa da aiki. Zai ce a kama, ya yi shiru har ya ji kowa ya ja numfashi, sannan ya ce a tashi. Shi ya koya mani barin 'yar tazara tsakanin dogo da dogo kafin a ɗaure da noti, don ƙarfe na miƙewa in rana ta yi zafi. Wannan tazarar ce ke ba da bugun da fasinja ke ji a ƙarƙashin tarago. Mu daga nesa, da bugun nan muke sanin ko aikinmu ya zauna.

Jirgi ya fara raguwa. Daga kullum ya koma jefi-jefi, daga nan shiru. Ciyawa ta rufe layi. Aka sallame mu. Na dawo gida na kama gadi a GRA har gwiwoyina suka ƙi.

Bayan shekaru da yawa wata mace ta yi sallama a ƙofar gidana. Malamar asibiti ce, aiki ya kawo ta Katsina. Ta ce ita ɗiyar Helma ce. Ɓarin jikinshi ya shanye, ta ɗauko shi wurinta, ya matsa mata da ta nemo Bakatsinen da ya yi aiki a ƙarƙashinshi. Tun daga nan nake zuwa duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Ba mu cika magana ba. Bakinshi ya karkace, ni kuma can ma ba mai surutu ba ne. Mukan zauna, ta kawo shayi, in tashi.

Ana nan aka yi wa ɗiyar canjin wurin aiki. Aka yanke cewa babban ɗanshi zai zo ya mayar da shi ƙauye. Helma ya ce ba inda za shi sai ya ga sabon layin da ake shimfiɗowa daga Kano, wanda aka ce zai bi ta Katsina ya shiga Maraɗi. Ta ce hanyar wurin ba ta mara lafiya ba ce. Ya daina cin abinci. Ta zo ta same ni.

"Baba, ka yi mashi magana. Kai yake ji."

Na ce mata ban taɓa ba shi umarni ba, ba yanzu zan fara ba. A kai shi kawai.

Muka ɗauki mai napep da hantsi, muka fita bayan gari inda aikin ya kai. Helma ya sha jijjiga, bai yi ƙorafi ba. Daga nesa muka ga inji yana ɗaukar kankare yana jerawa, a madadin katakon da muke sawa a ƙarƙashin dogo, wanda gara ke cinyewa. Mutum ɗaya ne zaune a cikin injin. Ban ga kowa da awartaki ba.

An ɗora layin a bisa tudun ƙasa da tsakuwa. Daga ƙasa ba a ganin ƙarfen. Na yi wa mai gadin wurin bayani. Ya dubi tsohon, ya ce mu je can ɓangaren da aka gama, ya ba mu kujerarshi ta roba. Muka zaunar da Helma a kai don mu hau da shi tudun. Ni da ɗiyar da mai napep da mai gadi muka kama. Kowa ya ɗaga lokacin da ya ga dama. Kujera ta karkace, saura kaɗan ya zube. Muka dire shi. Ɗiyar ta ce ya isa, a koma gida, ba za ta kashe ubanta saboda ƙarfe ba. Ni ma na yarda da ita.

Sai na ji muryar Helma, a karkace.

"Kama."

Hannuna ya riga ni. Sauran suka dube ni, suka kama. Ya yi shirun nan nashi.

"Tashi."

Muka tashi tare. Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa, amma muka kai shi sama.

Layin ya fi namu faɗi. Ya sa hannunshi mai lafiya ya shafa ƙarfen, ya daɗe. Sannan ya ce in bi layin in nemo mashi mahaɗa, yana so ya ga irin tazarar da suke bari. Na tafi ina duba. Na yi nisa har na gaji. Ba noti, ba tazara, sai tabon walda da aka goge. Na dawo na faɗa mashi.

"To wannan ba zai yi bugu ba," in ji shi.

Na ce da alama.

"Bakatsine, jirgi ya zo garinku. Sai da ya bari kun tsufa."

Na ce wasu ma sun fi mu tsufa. Ya yi dariya da rabin baki. Saukowa ma shi ya ba da murya.

Ɗiyar ta ce da yamma ya ci tuwo. Ranar da ɗanshi ya zo na je. Samari biyu suka sungume shi suka sa a mota, ba wanda ya jira Helma ya ba da murya. Na riƙe mashi ƙofa, na gyara ƙafar da ba ta motsi, na rufe.

An ce in jirgin ya fara aiki in je in hau. Ban sani ba ko zan je. Tashar da nisa, gwiwar kuma ga yadda take.