Ranar da Injin Kakanmu Ya Tsaya a Hanyar Inkil

A gidanmu na Ƙofar Dumi, da damina, murhun Iya ba ya mutuwa da wuri. Iya kakarmu ce, mahaifiyar babanmu. In an gama cin tuwo bayan magariba sai ta jera masara a kan garwashi, mu jikoki mu kewaye ta a rumfar girki, ruwan indararo na zuba a bayanmu. Yawanci tatsuniya take yi mana.

Wata rana, ina ɗan shekara tara, ƙanin babanmu ya ɗauko babur ɗinsa daga gareji, an sauke injin an sake haɗawa. Ya tsaya a ƙofar gida yana ta murɗa totur don maƙwabta su ji. Iya ta aika a ce ya kashe. Sannan ta juya masara, ta dube mu.

"Ku matso," ta ce. "Ta yau ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani."

Ta ce kakanmu yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko amfanin gona da ita daga Inkil. Da injin ya gaji, sai ya kai wa Baba Bulus, wani bakanike mutumin Bogoro da ke da rumfa a Wunti. Aka canza fistin da ringi. Ranar da zai karɓi motar, Baba Bulus ya riƙe makullin bai ba shi ba.

"Malam, ƙarafan nan sababbi ne, ba su saba da juna ba tukuna. Kar ka yi gudu, kar ka yi lodi. Bayan mako ka dawo in yi maka juyen mai, don za su zubar da garin ƙarfe a cikin man. Kuma kar ka yarda da man kwalba na bakin titi. Wanda na zuba maka, shi za ka ci gaba da sa."

Mako ya cika, kakanmu ya ji ƙyuyar zuwa Wunti. Ya shiga ƙarƙashin motar ya juye man da kansa, ya sayo na kwalba, baƙi wuluk, mai kauri kamar maɗi. Iya ta ce ta yi masa magana. Ya ce mai ai mai ne.

Kwana uku bayan haka suna gona a Inkil da la'asar, sai yaron da ke tare da su ya ƙwalla ƙara daga cikin kunyar gyaɗa. Kububuwa ce ta sare shi. Kafin su kai shi mota ƙafar ta kumbura.

Nan Iya ta rage murya, har sai da muka sunkuyo.

"Ina riƙe da shi a cinyata, na ga jini na fitowa daga dasashinsa. Na ce Malam, taka. Ya ce injin sabo ne. Na ce taka! Ya taka."

Ta ce da farko motar ta miƙa. Sannan wata ƙara ta taso daga gaba, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan tukunya da taɓarya. Wari ya cika motar. Kakanmu na ta salati. Ƙarar ta ƙaru, motar ta yi fizga ɗaya, ta tsaya cak. Ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Babu gida kusa, hadari ya haɗu, yaron ya daina kuka.

"Daina kukan nan," in ji Iya, "shi ne abin da har yau nake ji."

Ƙanwata Hadiza ta cusa kanta a bayana. Masara ta ƙone, ba wanda ya taɓa.

Iya ta goya shi, yaro ɗan shekara bakwai, ta kama gudu a kan hanya babu takalmi, kakanmu na biye yana ɗaga hannu. Sai can wata motar itace ta tsaya musu. A asibiti aka ceci ransa, amma naman ƙafar ya riga ya mutu, aka yanke yatsu biyu.

"Iya, wane yaro ne?" in ji Hadiza.

Iya ba ta kama sunan ɗan fari. Ta dai nuna ɗakin babanmu da haɓa. Duk muka juya. Mun taso muna ganin ƙafarsa in yana alwala, ba wanda ya taɓa tambaya. Na tashi na leƙa ɗakin, na gan shi zaune yana sauraron rediyo, sai kawai na fashe da kuka.

Shekaru da yawa na ɗauka gaggawa Iya ke hana mu. Bara aka sake haɗa injin motata, bakanike ya buɗe littafinta ya nuna mini irin man da aka rubuta mata, ya ce in dawo juye da wuri. Da na koma, ya tara tsohon man a kwano ya karkata shi a rana. Na ga garin ƙarfe na ƙyalli a ciki.

A nan na gane. A kan hanyar Inkil kakanmu ba shi da zaɓi, kowane uba zai taka. Zaɓinsa ya wuce tun kwana uku baya, a ranar da kowa ke lafiya, babu abin da ke korar sa. Yanzu ina da 'ya'ya uku. Ranakun tashin hankali ba su cika ba ni tsoro ba kamar irin waccan ranar, ta zaman lafiya, da mutum zai ce gobe ma rana ce.