Jar Safa a Jirgin Moreno

Duk wanda ke shiga jirgin ƙasan safe daga Moreno zuwa tashar Once a cikin birni ya san muryar Eusebio Ledesma, ko da bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuskarsa ba. Murya ce mai kauri, tana ratsa ƙarar ƙarafa ta tashi mai gyangyaɗi a can ƙarshen tarago. "Jama'a barkanmu da safiya, ku gafarce ni na katse muku mafarki! Safa ce na kawo, ta maza, auduga zalla, sai dai ƙafa ta yage ita tana nan!" Haka yake faɗa tun kansa yana baƙi wuluk. Yanzu furfura ta kama har gashin baki, amma maganar ba ta sake ba.

Daga Santiago del Estero ya zo yana saurayi, shi da mahaifiyarsa. Ya yi aiki a wata masaƙa a Morón, ranar da aka rufe ta kuwa sai aka sallami kowa da kwalin safa. Wasu suka zauna suna zagi. Eusebio ma ya yi nasa zagin har ya ƙoshi, sannan ya ɗauki kwalinsa ya hau jirgi, kuma tun ranar sana'a ta samu. Aure bai yi ba. Da farko jinyar tsohuwa ce ta riƙe shi, bayan ta rasu kuma sai ya ga kamar lokacin ya wuce shi. Ya zauna a ɗan gidansa na Merlo, shi da wani gurgun kare da bishiyar lemo.

Mutum ne mai riƙe ƙa'idar aiki har abin ya kai ga ban haushi. Ba ya shiga tarago sai ɗan tallan da ke ciki ya gama nasa. In ya shiga, sai ya bi kujera-kujera yana ɗora safa a cinyar kowa, ya kai ƙarshe, ya yi jawabinsa, ya dawo yana kwashewa. Wanda ba ya so ba ya taɓa ta, mai so ya riƙe a hannu. Babu roƙo, babu wanda ya ji kunya. Kuma ba ya tambayar fasinja labarin gidansa, wai ba ya bukata. "Abin da mutum ya saya ya ishe ni," in ji shi. "Mai ɗaukar farar safa, sabon aiki ya samu. Mai miƙe ta yana duba dunduniya, matarsa ce ta aiko shi." Yana ji da wannan basira tasa ƙwarai.

To, basirar ce ta yi masa tsiya. Akwai wata mata, Doña Nélida Barrios, mai dafa abinci a wani gida a cikin birni. A Paso del Rey take shiga, ta zauna bakin taga, in an isa Once ta gangara ta kama jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk Juma'a sai ta riƙe baƙar safa, ta yi masa murmushi, ta ce, "Yaya ƙafa, Don Eusebio?" Shi da ke iya cika tarago da murya, a gabanta abin da ke fita kawai shi ne, "Da sauƙi, Doña." Yana sonta, kuma ya san yana sonta. Amma macen da ke sayen safar maza duk mako ai tana da miji, ƙato mai manyan ƙafafu, mai cin safa ba tausayi. Eusebio ya tsani mutumin nan shekara da shekaru, duk da haka mafi kyau yake zaɓar masa, saboda ƙa'ida ƙa'ida ce.

Wata Laraba suna zaune a bencin tashar Haedo shi da Zulema mai tallan cakulan, wadda layinta ke bin bayan nasa, kuma babu gulmar da ke wuce ta. Suna miƙa wa juna ƙoƙon shayin mate, sai ta ce:

"Tsoho, ka ji taka za ta bar mu? Gwiwa ta hana ta aiki. Daga jibi ta gama da jirgi."

Shayin ya ƙona masa harshe. Ya daure ya ce, "To, ai ta huta. Mijin sai ya fito ya sayi safarsa da kansa."

"Wane miji?"

"Mijinta mana."

Zulema ta ajiye ƙoƙon. "Wanda ya mutu tun 'yarta tana goye? Shi ne zai taso ya sayi safa?"

"Ke dai ba ki san aiki ba. Safar maza take saya, babba, duk Juma'a."

"Eusebio, dube ni. Ban da safar maza me kake sayarwa?"

Ya leƙa cikin jakarsa kamar zai ga wani abu dabam.

"Wayyo ni Zulema!" Ta yi dariya har da buga cinya. "Da ƙusa kake talla, da ka ce kafinta take aure! Kai dai an yi tsohon sakarai."

Bai ji haushin zagin ba. Tsoro ne ya kama shi, don Juma'a ɗaya ta rage, kuma bai san ko ƙofar gidanta ba. Zulema ta ce ya je ya faɗa mata kawai. Ya ce a gaban jama'a? Ya kunyata mace a tarago? Har abada. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma da shi zai yi tambayarsa. Ranar Alhamis, a karo na farko a rayuwarsa, ya shiga wani kanti a Once ya sayi safar mata guda, ja, mai ɗigon fari, yana zufa kamar wanda ya yi sata.

Ranar Juma'a jirgi ya cika maƙil. Eusebio ya jira mai tallan batir ya gama, ya shiga, ya bi layi yana ɗora baƙa, baƙa, baƙa. Da ya zo kan Nélida ya ɗora jar a cinyarta bai dube ta ba, ya wuce. In ta bar ta, zai ɗauke kamar ta kowa, maganar ta mutu ba wanda ya sani. Ya kai ƙarshen tarago ya juyo.

"Jama'a barkanmu da... safa ce... ta auduga..."

Wani magini da ke riƙe da ƙarfe ya taya shi: "Sai dai ƙafa ta yage, ita tana nan! Ci gaba, baba!" Tarago ya kwashe da dariya.

Ya dawo yana kwashewa. Da ya iso bakin taga ya dubi cinyarta, babu komai. Ya dubi hannunta, babu komai. Ya sunkuya yana nema ko ta faɗi ƙasa. Can ya ga takalmanta a gefe, ga ƙafafu biyu cikin jar safa, yatsu suna motsi.

"Ta yi mini daidai," in ji Nélida. "Ba za ka iya kwashe wannan ba."

"Ba ta sayarwa ba ce, Doña."

"Na sani, Don Eusebio. Na daɗe ina jira ka kawo abin da ba na sayarwa ba."

Daga bakin ƙofa Zulema ta ɗaga murya: "Tsoho, layina ne fa! Ko ka yi magana ko ka ba ni wuri!"

Ya tsaya riƙe da tulin safa a ƙirji, idanunsa sun cika da ruwa. Jirgi ya fara rage gudu, mutane suna ta miƙewa. Nélida ta sa takalmanta a hankali, ta kama hannun rigarsa ta tashi tsaye.

"Layi na biyu bayan tashar Paso del Rey, gida mai koren ƙyaure," ta ce. "Ka zo ranar Lahadi. Durowata ta daina rufuwa saboda kayanka, kuma ba wanda ya taɓa sa ko ɗaya. Kada ka kawo komai, ƙafafunka kawai."