Guzurin Jan Ƙwaro

Litinin: Tudun Wada zuwa Basawa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Tudun Wada, ni da Ɗanjuma mai jaki. Na san lokacin ne saboda agogon da Baturen gona ya ara mini, maigidana ke nan a wurin aiki, wanda 'yan gari suka laƙaba wa Mai Kwalabe. Jakin na ɗauke da akwati biyu cike da kwalabe. Aikina shi ne in bi gonaki ina kama ƙwarin da ke tsotsar shuka, kowane iri da kwalbarsa, in jefa masa ganyen da na same shi a kai, in rubuta sunan garin in manna.

Wanda Bature ke nema ruwa a jallo wani jan ƙwaro ne mai baki kamar allura. Yana huda ƙwallon auduga, kaɗa ta fito rawaya-rawaya. Bature ya ce lalle yana da masauki a wata shukar. Da zai sallame ni ya ce, "Malam Iro, duk shukar da muka kama tana saukar da shi, za a tuge ta a ƙone, a hana shuka ta a garin."

Wannan hukunci kuwa ya shafe ni. Zangona na ƙarshe Unguwar Bawa ne, garin surukina Baba Tanko, shi kuwa ba shi da abin yi sai noman rama da tufkar igiya. Rama kuma, in ji Bature, dangin auduga ce.

A mashigin kogin Kubanni ɗan doka ya tare mu.

"Me ke cikin akwati?"

"Kwalabe," na ce.

"Na me?"

"Na ƙwari."

Ya karɓi takardar Bature ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya kyauta, Malam. Ku wuce."

Muka isa Basawa ƙarfe tara, mil bakwai. Na kama wani kore mai wari a jikin wake, da wani mai launin ƙasa da dogon ƙaho a kan dawa. Muka sha furar anini biyu, muka kwana a zauren mai unguwa.

Talata: Basawa zuwa Hunkuyi

Mun tashi ƙarfe shida. Ruwa ya kama mu a hanya, jaki ya kafe a bakin wani rafi har rabin awa, mil tara ya zame mana kamar ashirin. Da hantsi ya buɗe sai Ɗanjuma ya kira ni gindin wata tumfafiya, jajayen ƙwari sun rufe ta.

"Ga mutanenka, Malam. Shi ke nan, a ƙone tumfafiya, wa zai yi kuka?"

Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. Amma da na juya guda na sa masa gilashin ƙara girma, murna ta koma ciki. Na auduga yana da farin layi-layi a ciki da fari a wuya kamar ya yi rawani. Wannan ba shi da ko ɗaya, sai ɗigon fari a ƙarshen fiffike.

"Ba shi ba ne," na ce.

"Haba Malam, ja ai ja ne. Rubuta kawai."

Ban rubuta ba. A lokacin ina taƙama da cewa alƙalamina bai taɓa ƙarya ba.

Laraba: Unguwar Bawa

Mil huɗu ne daga Hunkuyi, mun isa ƙarfe takwas da rabi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe da Baba, idona a ƙasa. Ya tambayi mutanen gidana, don ba ya kama sunan matata Asabe, 'yarsa ta fari ce. Ban gaya masa hukuncin Bature ba. Na yi ta juya maganar a baki, kunya ta hana ta fita.

Na shiga gonar ramarsa ina dubawa layi-layi, ganye-ganye, tun hantsi har la'asar. Ta fi ni tsawo, saura 'yan makonni a yanke. Ko ƙwaro ɗaya mai farin wuya ban gani ba, alhali audugar maƙwabta ta yi jawur da su. Na zauna a bakin gona na yi wa Allah godiya, har tuwon dare na ci da yawa a ɗakin baƙi.

Da safe muna ɗaura kaya sai ga Baba da wani ɗan gora, ya toshe bakinsa da totuwa, ya naɗe da igiya.

"Malam, mai jakinka ya ce jajayen nan maigidanka yake so. Tun asuba nake tsintar su a audugar maƙwabcina. Ka kai masa. Kada a ce ka zo garinmu ka koma ba komai."

Ƙwaron da ba ni na ɗauko shi daga kan ganye ba, ba shi da amfani a aikinmu. Amma wa zai ce wa surukinsa kyautarsa ba ta da amfani? Wa kuma zai buɗe ta a gabansa yana leƙe? Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. A zango na gaba, hannu ya saba, na rubuta Unguwar Bawa na manna wa goran kamar sauran.

Alhamis da Juma'a: Komawa

Mun sake kwana a Basawa, muka iso ofis ranar Juma'a ƙarfe goma. Bature ya jera kwalabe a tebur yana dubawa. Da ya zo kan goran ya cire totuwa ya zazzage a faranti. Jajaye masu farin wuya suka watsu, a tsakiyarsu ga ganyen rama, ɗanye, an zaɓo masu taushi.

Nan take na gane. Baba ba zai sallami baƙo tafiyar kwana biyu ba guzuri ba, ko da baƙon ƙwaro ne, kuma ya ba su mafi kyawun abin da yake da shi.

"Ranka ya daɗe, a auduga aka kama su. Ganyen nan guzuri ne aka sa musu. Na duba ramar da kaina, ba komai a jikinta."

"Ƙa'idarmu me ta ce, Malam Iro?"

"Ganyen da ke ciki shi ne masauki."

"Rubutun wa ke jikin goran?"

"Nawa ne."

"Ramar ta wa ce?"

"Ta surukina."

Ya yi murmushi, bai ma yi fushi ba. "Da ramar surukina ce, ni ma haka zan faɗa." Na rantse, na roƙe shi ya je ya gani da idonsa. Ya ce hanyar ba ta biyuwa sai rani. A gabana ya sa hannu a takardar tuge ramar.

Na iso gida Tudun Wada bayan sallar Juma'a. Asabe ta kawo ruwa tana tambayar Baba, na ce lafiyarsa lau. Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na gode wa Ɗanjuma da masu masaukinmu, amma ban taɓa dawowa daga tafiya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Bayan kwana goma sha biyu wani mai kawo itace ya yi sallama da saƙo daga Unguwar Bawa. An tuge ramar an ƙone, an hana shukawa. Ya ce, "Baba yana gaishe ka. Ya ce tun da kana kusa da Bature, ka taimaka ka binciko masa wanda ya kai ƙararsa."