Yadda Maganin Taifot Ya Raba Ni Da Teburin Fata

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. A shekarar da korona ta shigo Kano, ni magidanci ne, ina zaune a Zawaciki da matata da 'ya'yanmu, ina aiki a wani kamfanin jima da ke Challawa. Aikina tantance fata. Idan dillalai suka kawo fatun awaki da na tumaki, a gaban teburina ake sauke su, ni ne zan ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, wannan kuwa mai ita ya kwashe abarsa. Ido yana aiki, hannu yana aiki, amma babban makamin hanci ne. Fatar da gishiri bai ratsa ba takan fara lalacewa tun gashinta bai soma zuba ba, kuma warinta daban yake da warin majema da kowa ya sani. Ni kuwa Allah ya hore mini hancin, har abokan aiki suna tsokanata wai ƙuda ma a wurina yake ɗaukar darasi. Ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a lokacin, kuma ba ni da haƙurin ciwo ko kaɗan.

Bayan azumi zazzaɓi ya kwantar da ni, da tari da ciwon gaɓoɓi. Ban je gwaji ba, don kowa tsoron a killace shi yake yi, mu kuma a majalisa cewa muke korona ciwon masu hawa jirgin sama ce. Na sha maganin zazzaɓi, na yi sirace, na miƙe. Ashe miƙewar ta rabi ce. Hancina ya mutu murus, ko daddawa aka kai mini bakin hanci ba na jin komai. Daga tashar Keke Napep zuwa ƙofar kamfani sai na tsaya na huta kamar tsoho. Cikina ya riƙa kumbura yana ƙugi, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita. Kaina kuma kamar an cusa masa auduga, a gaya mini magana yanzu, in juya in manta. Ga Babbar Sallah tana matsowa, lokacin da fatun layya suke kwararowa mota-mota, kuma a lokacin ne ake sanin waye mai tantancewa. Na san idan na ce hancina ba ya aiki, teburin nan zai koma hannun wani, shi ya sa na ja bakina na yi gum.

Akwai wani mai kemis kusa da ƙofar kamfani wanda duk ma'aikata muke kira likita, don shi ne asibitinmu tsakanin tashi daga aiki da hawa mota. Ya tura ni ɗakin gwajin da ke bayansa, aka ɗebi jini, takarda ta fito wai taifot ne. Wallahi har daɗi na ji. Ciwon da yake da suna ai ya zo da sauƙi, kuma wa ke nan Kano da bai taɓa taifot ba? Ya haɗa mini kafso da ƙwayoyi, ya ce in shanye in dawo. Na shanye, ban ji canji ba. Na koma, aka sake gwaji, aka ce taifot ɗin mai taurin kai ne, aka ba ni wanda ya fi shi ƙarfi, har da allurai. Da wannan ma ya ƙare, wani abokin aiki ya ce shi kafson nan ja-da-yalo ne ya tashe shi, sai na saya na ɗora a kai. Ba na ganin laifin mai kemis shi kaɗai, domin ni nake zuwa ina buga masa kanta ina cewa ya ba ni abin da zai tsayar da ni da ƙafata kafin Sallah.

Da cikin ya ƙara rikicewa, sai 'yan majalisa suka yanke hukunci cewa dattin ciki ne ya haɗu da basir, sai an yi wankin ciki. Na sayi jarka guda a wurin masu tallan magani da lasifika, na wuni ina zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, ina murna wai datti ne yake fita. Aka ce mai taifot ba ya shan nono, na bar fura. Aka ce wake yana kumbura ciki, na bar shi. Ganye ma na ce kada in sake ganinsa a kwanona. Abincina ya koma shayi da farin burodi, sai farar shinkafa da ɗan mai. Matata ta yi ta faɗa cewa tunda na fara shan kafson nan ƙara lalacewa nake yi, in je babban asibiti mana. Na daka mata tsawa, na ce yaushe ta zama likita ban sani ba, kuma wa zai je ya bi layin kati ya bar teburinsa a irin wannan lokaci? Na ga ta share ido da bakin mayafinta. Wannan tsawar har yau tana ci mini rai.

Sallah ta zo, fatu suka cika harabar kamfani. Fatar layya kuwa ita ce mafi haɗari, don a gida ake fiɗa, kowa da wuƙarsa, wani ya bar ta a rana ta wuni kafin ta ga gishiri. Na tsaya a teburina ina ɗaga fata ina kai wa hanci kamar yadda na saba, alhali ba na jin komai, wasan kwaikwayo kawai nake yi wa jama'a. Na dogara da ido da hannu, su ma ɗin ba sa tare da ni, don rabin hankalina yana kan cikina, ina lissafin yadda zan kai banɗaki ba tare da na ji kunya ba. A haka wata babbar mota ta zo daga wajen Jigawa, na wuce da kayanta kusan duka a lamba ɗaya. Da aka zuba su a gangar jima aka fara aiki, sai fuskar fatun ta riƙa saɓulewa. Sun riga sun fara ruɓa tun a hanya, kuma duk mai hanci da ya tsaya a wurin da ya ji.

Shugaban sashenmu, dattijo ne da ya ɗauke ni aiki da hannunsa, ya kira ni ofis. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni abin da ya faru, sai na fashe da kuka kamar yaro na gaya masa komai. Ya ce saboda daɗewata ba za a kore ni ba, amma in koma ɗakin ajiyar gishiri, teburin kuma a ba wa wani mutumin Nijar da muka daɗe muna aiki tare. Dattijon ne kuma ya ce in wuce asibiti a ranar, ba shawara yake ba ni ba.

Likitar da na gani ta sa na zazzage mata kwalayen magungunan da na sha a kan tebur. Ta daɗe tana kallonsu kafin ta ɗago. Bayan gwaje-gwaje ta ce ba ta ga alamar taifot ba, kuma wancan gwajin na bayan kemis yakan nuna taifot ko ga mai lafiya. Ta ce ga dukkan alamu ƙwayar bairos ce ta kama ni tun farko, irin wadda kafso ba ya kashewa, kuma wasu mutane bayan ta wuce, garkuwar jikinsu ba ta sauka daga faɗa, sai a bar su da kumburin da ido ba ya gani, da gajiya da mantuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu amfani da ba sa ƙirguwa, su ne suke taya narka abinci, suna kuma kwantar da wannan kumburin. Ciwon ya riga ya girgiza su, ni kuma na bi su da kafso da wankin ciki, sannan na hana ragowar abincinsu, wato wake da ganye da gero. Ta faɗa mini gaskiya cewa masana ba su gama gane abin ba, ba za ta yi mini alkawarin ranar warkewa ba. Ta dai ce in daina shan komai sai da saninta, in dawo da abincin da na kora sannu a hankali, in kuma daina tilasta wa jikina.

Haka matata ta dawo da miyar kuka da kwaɗon zogale da fura da nono mai tsabta, ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Cikin ya lafa a hankali, gajiyar ta ragu ko da yake har yanzu takan kawo ziyara. Hancin sai da ya kusa shekara kafin wata rana na ji ƙaurin tuwon maƙwabta, na tsaya a tsakar gida ina hamdala. Na je wurin dattijon nan da zumuɗi na ce hanci ya dawo. Ya ce ya yi murna ƙwarai, kuma bai yi shakka ba. Amma ya ce da tun farko na gaya masa, da ya tsayar da wani a gefena yana shinshinawa ni ina dubawa har in warke. Yanzu kuwa idan ya mayar da ni, duk fatar da na ɗaga sai ya tambayi kansa ko da gaske nake ji.

Abin da na koya shi ne jiki ba inji ba ne da za a ƙara masa wuta don kaya sun taru. Garin neman gira na rasa ido. 'Yan'uwana ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai, ba kowace kasala ce taifot ba, kuma ba duk abin da ke cikin hanji ne datti ba. Idan mura ko zazzaɓi ya wuce ya bar ku da gajiya da rikicin ciki, ku je asibiti, ku bar haɗiyar kafso a bakin ƙofa, ku kuma gaya wa na gaba da ku halin da kuke ciki tun ana iya rufa muku asiri. Ni dai ga ni a ɗakin gishiri. Idan aka sauke kaya, daga inda nake zaune nakan ji fatar da ta fara lalacewa, amma yanzu ba ni ake tambaya ba.